Na yi baftisma, amma tsohon halina ya ƙi mutuwa

Wasiƙar wannan mako daga cikin garin Katsina ta fito. Mun taƙaita ta, mun kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni tela ne, shekarata 32, ina da mata da yara biyu. Iyayena masu bi ne daga ƙasar Malumfashi. Shekara 9 ke nan da yi mini baftisma, kuma ni ne ma'ajin ƙungiyar matasa a ikilisiyarmu. Shekara biyu da suka wuce wani abokina ya koya mini cacar ƙwallo a waya. Da naira 200 na fara. Yanzu na cinye jarin shagona, na taɓa kuɗin kafin alƙalami na masu kawo ɗinki, abin da ya fi muni kuma, na ɗauki naira 120,000 daga kuɗin matasa da niyyar in ci in mayar. Saura mako 8 a karanta rahoton kuɗi, ba wanda ya sani. Matata ta ga canji a wurina, in ta tambaya sai in hau ta da faɗa. Ran nan har na yi jifa da kwanon abinci a gaban yara, ta ce in na sake za ta tafi gidansu. Na yi azumi, na yi kuka, na fita gaba a taron farkawa sau uku, na goge manhajar ya fi sau goma, amma ba na cika mako biyu sai na koma. Wani mai wa'azi ya ce wanda aka haifa daga Allah ba ya yin zunubi. Abokina kuma ya ce ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, jiki ne kawai, alheri ya rufe komai. To ni ɗan Allah ne kuwa? Ko in sake baftisma? Ina jin kunyar gaya wa Baba Fasto, domin ya ɗauke ni kamar ɗansa."

Ɗan'uwana, salama a gare ka. Na san ba da sauƙi ka rubuta wannan wasiƙa ba, kuma da alama wannan ne karo na farko a cikin shekara biyu da ka faɗi abin da sunansa. Ka kira cacar caca, ka kira kuɗin matasa kuɗin matasa, ba ka ce "aro" ba. Wannan ya sa nake da kyakkyawan zato a kanka. Amma zan yi maka magana a miƙe, domin mako 8 ba lokacin kwana-kwana ba ne.

Bari mu fara da mutane biyun da suka rikita ka, domin kowannensu ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya ya saki ɗayan. Mai wa'azin daga 1 Yahaya 3:9 ya ɗauko maganarsa, kuma ayar tana nan. Sai dai manzon da ya rubuta ta shi ne ya ce a 1:8 in muka ce ba mu da zunubi ruɗin kanmu muke yi, ya kuma ce a 2:1 in wani ya yi zunubi muna da mai tsaya mana a gaban Uba. Masu bi yake rubuta wa, kuma ba zai warware maganarsa a cikin wasiƙa ɗaya ba. Abin da 3:9 ke nufi shi ne wanda aka haifa daga Allah ba zai iya mai da zunubi gidan zamansa ba, ya shimfiɗa tabarma ya miƙe ƙafa a ciki hankali kwance. Kai kuwa barci ma ya gagare ka. Ka tuna da Bitrus: bayan Fentikos da shekaru, bayan dubbai sun tuba ta bakinsa, tsoron mutane ya sa ya yi munafunci a Antakiya har Bulus ya tsawata masa ido da ido (Galatiyawa 2:11-14). Ba wanda ya ce ba a haife shi daga Allah ba.

Maganar abokinka ta fi daɗin ji, ta kuma fi haɗari. Gaskiya ne ɗan Adam bai cika goma ba. Littafi Mai Tsarki ma ya wuce karin maganar, domin bai ce saura ɗaya mu cika ba, cewa ya yi daga tushe muka karkace: zunubi ya shigo duniya ta wurin mutum ɗaya ya game kowa (Romawa 5:12), Dawuda ya ce tun daga cikin uwa yake mai laifi (Zabura 51:5), Yesu kuma ya ce sata da kwaɗayi da ha'inci daga cikin zuciya suke fitowa (Markus 7:21-23). Amma da Bulus ya zo kan tambayar ko mu ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita, amsarsa a Romawa 6:2 ita ce a'a, ko kaɗan. Ka kuma lura da wanda yake ba ka wannan fatawa: mutumin da ya koya maka cacar ne, kuma in ka daina zai rasa abokin tafiya. Ban ce mugu ne ba, mai yiwuwa shi ma a ɗaure yake, yana kwantar da nasa lamirin ne da kalmomin da yake kwantar da naka.

Ya ce "jiki ne kawai", to bari mu tsaya kan wannan kalma, domin ta ɓatar da mutane da yawa. Kalmar Helenanci da Bulus ya yi amfani da ita, sarks, waɗansu fassarorin Hausa sun ce mata "jiki", waɗansu "halin mutuntaka". Fata da tsoka ba su ne abin nufi ba. Ka buɗe Galatiyawa 5:19-21 ka duba jerin ayyukan: akwai fasikanci da buguwa, amma akwai gaba, da jayayya, da kishi, da fushi, da sonkai, da tsattsaguwa, da hassada, waɗanda ba ruwansu da yunwa ko ƙoshi. Halin mutuntaka shi ne mutum gaba ɗayansa, tunaninsa da sonsa da dabararsa, sa'ad da yake tafiyar da kansa ba tare da Allah ba. Wannan shi ne dalilin da azuminka bai yi aikin da ka sa rai ba. Azumi abu ne mai kyau, amma ciki ka hana abinci, alhali abin da ke riƙe da kai yana cikin lissafin da kake yi da dare: "in wannan tikitin ya shiga, na rufe ramin, ba wanda zai sani." Wannan lissafi ba ya jin yunwa. Da shi ka shiga azumin, da shi ka sha ruwa.

Kokawar da ka kwatanta tana rubuce a Romawa 7:15-24, inda Bulus ya ce abin da yake so ba shi yake yi ba, abin da yake ƙi shi yake yi. Masana sun daɗe suna muhawara ko mutum kafin tuba ake nufi ko mai bi. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, da fari ya ɗauka wanda bai tuba ba ne, daga baya ya koma ya ce mai bi ne, Martin Luta da Kalbin, jagororin gyaran ikilisiya a Turai, kuma suka bi wannan fahimta. Ko wace ka ɗauka, Galatiyawa 5:17 ba ta bar shakka ba, domin ikilisiya aka rubuta wa: halin mutuntaka yana gaba da Ruhu, Ruhu yana gaba da shi. Gawa ba ta kokawa. Amma ba zan ruɗe ka ba, aya ta 21 ta wannan sura ta ce masu zama cikin waɗannan ayyuka ba za su gāji Mulkin Allah ba, kuma ni ba zan iya leƙa zuciyarka ba. Kuka kaɗai ba shaida ba ne, Yahuza ma ya yi nadama. A 2 Korintiyawa 7:10-11 an bambanta baƙin ciki iri biyu, kuma ana gane wanda yake daga Allah ne ta abin da ya haifar: himma, da son wanke kai, da gyara ɓarna. Saboda haka amsar tambayarka ba za ta fito daga yawan tonon zuciya a kan gado ba. Za ta bayyana a cikin abin da za ka yi da alkawarin 1 Yahaya 1:9, cewa in muka furta zunubanmu Allah zai gafarta mana ya tsarkake mu, a wannan mako.

Batun sake baftisma kuwa, ka bar shi. Baftisma ɗaya ce (Afisawa 4:5). Da Bitrus ya ce a wanke shi har kai, Yesu ya ce wanda ya yi wanka ƙafa kawai yake bukatar wankewa (Yahaya 13:10). Ina kuma jin tsoron sabuwar baftisma ta zama kamar fita gaba ukun da ka yi: a ga ka yi wani abu na ibada a bainar jama'a, alhali ainihin maganar tana binne. Ka fita gaba sau uku, amma ko sau ɗaya ba ka furta kalmar "caca" ko "kuɗin matasa" a kunnen wani ba. Nan ne ciwon yake.

Mu Hausawa mukan ce hali zanen dutse ne. Bisa ga ƙarfin mutum haka ne, shi ya sa alkawarin Ezekiyel 36:26-27 bai ce za a goge zanen ba, cewa ya yi za a cire zuciyar dutsen a sa sabuwa, a kuma sa Ruhu a ciki. Romawa 6:6 ta ce an gicciye tsohon mutum tare da Almasihu, ikon mulkinsa ya karye. Amma 8:13 ta ce ta wurin Ruhu ku kashe ayyukan jiki. Ka lura da yadda aka ɗaura biyun: ikon na Ruhu ne, hannun da zai yi aikin naka ne. Keken ɗinkinka na lantarki ba ya motsi in ba wuta, amma in wuta ta zo ka naɗe hannu, riga ba za ta ɗinku ba. Shekara biyu kana roƙon Allah ya cire maka sha'awar, kana kuma barin asusun cacar a buɗe, da katin banki a aljihu, da wayar a ƙarƙashin matashin kai.

Kafin mu zo ga matakai, ina so ka ga lissafin da ake yi da kai, domin ƙaryar "saura kaɗan in ci" ita ce igiyar da ke ja ka. A ce wasa ne da kowane gefe yake da rabin dama, kamfani ya ba kowane gefe 1.90. Mutum biyu suka sa naira 1,000 kowanne a gefe daban. An karɓi 2,000, an biya wanda ya ci 1,900, kamfani ya riƙe 100 ko wa ya ci. Kashi 5 cikin 100 ke nan a wasa ɗaya. In ka haɗa wasa 10 a tikiti guda, wannan kaso yana hawa kan kansa har ya kai kusan kashi 40. Ko da kowane wasa cikin goman yana da damar kashi 70 na shiga, damar su shiga duka ba ta kai 3 cikin 100 ba. Shi ya sa sau da yawa za ka ga wasa ɗaya ko biyu ne suka yanke tikitin, ka ji kamar ka kusa, ka sake sawa. Ba ka kusa ba, haka aka tsara abin. Ina roƙonka ka yarda da wannan yau: kuɗin da suka tafi sun tafi, kuma ba za su dawo ta ƙofar da suka fita ba. Karin Magana 13:11 ta ce dukiyar gaggawa ragewa take yi, mai tarawa kaɗan-kaɗan shi ke ƙaruwa.

Yanzu ga abin da nake ba ka shawara. Da takarda da biro za ka fara, yau. Ka rubuta duk abin da ke kanka: 120,000 na matasa, sunan kowane mai ɗinki da kafin alƙalaminsa da ranar da ka yi masa alkawari, bashin mai yadi ko mai zare in akwai, da duk wani rance da ba ka ambata a wasiƙarka ba. Ka haɗa jimla. Masu caca kan guje wa jimla domin muddin ba a haɗa ba, zuciya tana rage ta.

Sai matarka, kafin kowa. Ita ta fi kowa shan wahalar abin da ba ta san sunansa ba. Tana ganin cefane ya ragu, miji ya zama mai saurin hawa, waya ba ta barin hannunsa, kuma ba mamaki tana zargin wata mace ce. Ka zaɓi lokacin da yara suka yi barci, ka ajiye mata takardar a gaba, ka faɗi komai a zama ɗaya. Kada ka faɗi rabi yau rabi wata mai zuwa, domin kowane sabon tono yana rushe ɗan amincin da aka fara ginawa. Kada ka ce "Shaiɗan ne", kada ka ce "abokina ne", kada ka ambaci tsadar rayuwa. Tana iya yin kuka, ko ta yi shiru kwana biyu, ko ta ce sai iyayenta sun ji. Duk haƙƙinta ne, kuma gafararta ba abin da za ka karɓa da ƙarfin aya ba ne. Game da kwanon da ka jefar, ka nemi gafara a gaban yaran da suka gani, da kalmomin da za su fahimta. Fushin nan yawancinsa tsoron tonuwar asiri ne, Zabura 32:3-4 ta kwatanta yadda shiru ke cin ƙasusuwan mai ɓoye laifi, kuma ina sa rai zai ragu sosai in ɓoyon ya ƙare. Amma kada ka dogara da haka. Ku yi yarjejeniya cewa in ka ji muryarka ta fara tashi za ka fita tsakar gida ko ƙofar gida minti 20, ka dawo ku ƙarasa maganar kafin ku kwanta. In kuwa hannunka ya taɓa ta, tafiyarta gidan iyayenta daidai ne, kuma ba ka da bakin cewa ta yi yaji. Ka karanta 1 Bitrus 3:7, za ka ga yadda mutum ke zama da matarsa yana iya toshe addu'arsa.

Bayan ita, Baba Fasto, a cikin wannan mako, ba ranar jajibirin rahoto ba. Na san wata dabara tana yi maka raɗa: ka samo kuɗin a ɓoye, ka mayar, a wuce wurin. Na auna ta, ga abin da ya sa ban yarda da ita ba. Wanda yake neman 120,000 a ɓoye cikin mako 8 yakan ƙare a ɗaya daga wuri biyu, ko ya koma caca don ya cike, ko ya shiga manhajojin bashi masu kuɗin ruwa mai nauyi, waɗanda in an makara waɗansunsu suke aika wa mutanen da ke cikin wayar mutum saƙon cin mutunci. Ko da ka yi nasarar mayarwa, za ka ci gaba da riƙe jakar da ciwon da ba a yi wa magani ba, kuma ka riga ka koyi cewa ana ɗauka a mayar ba wanda ya sani. Karin Magana 28:13 ta haɗa abu biyu, furtawa da rabuwa, Yakubu 5:16 kuma ta ce mu furta wa juna laifofinmu don mu warke. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Ka ce ya ɗauke ka kamar ɗa. To uba ya fi so ya ji daga bakin ɗansa da ya ji daga bakin masu binciken kuɗi. In ƙafarka ta yi nauyi, ka fara da dattijo ɗaya na ikilisiya wanda ka san yana riƙe magana, ya raka ka. Ka je da littafin kuɗin, da ragowar abin da ke hannunka, da takardar ajiye muƙamin ma'aji, da tsarin biya a rubuce. Naira 15,000 a mako sau 8 ta cika 120,000. In ka sayar da babbar wayarka, a ce ka samu 60,000, saura 7,500 a mako. In lokacin ɗinkin Kirsimeti ko na Salla ya kusa ka san aiki zai ƙaru, amma kada ka yi alkawarin da ya dogara ga ciniki mafi kyau, ka yi wanda za ka iya cikawa a mako mai sanyi, ko da zai kai wata 4. Kada ka sayar da keken ɗinki, shi ne zai biya bashin. Kada ka taɓa kayan ɗakin matarka ko dabbobinta sai in ita ce ta kawo da kanta. A Littafin Ƙidaya 5:6-7 wanda ya ci amana yakan furta, ya biya cikakke, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, wato a naka lissafin 24,000. Ba doka ba ce a kanmu yanzu, amma in ka gama biya ka ga kana iyawa, ƙarin zai yi wa zuciyarka da ta matasan nan amfani. Zakka har ninki huɗu ya yi alkawari (Luka 19:8). Masu ɗinki kuma ka kira su ɗaya bayan ɗaya, ka ba kowa sabuwar rana ta gaskiya. Ba dole ka ba su labarin caca ba, amma kada ka yi musu ƙaryar rashin wuta ko rashin lafiya.

Ka shirya wa horo. Ya danganta da tsarin ɗarikarku, ana iya sauke ka daga aiki, a dakatar da kai daga Jibin Ubangiji na wani lokaci, wataƙila a sanar. Zai yi zafi, kuma a ikilisiyoyinmu na Katsina inda kowa ya san kowa har ƙauyen iyayensa, magana za ta yi yawo. Ka jure, kada ka sauya majami'a don gudun kunya. Ka tuna matasan nan kuɗin guminsu ne, wani ɗan acaɓa ne, wata kitso take yi, suna da dalilin jin haushi. Ga shugabannin da za su karanta wannan kuma ina da roƙo: Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda aka kama da laifi cikin tawali'u, kuma wanda ya kawo kansa ba daidai yake da wanda aka kamo ba. Ku kuma gyara tsarin da ya bar kuɗin ƙungiya a hannun mutum ɗaya. A buɗe asusun banki mai sa hannun mutum biyu, a ƙirga baiko mutum biyu, a duba littafi kowane wata uku. Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai da 'yan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa (2 Korintiyawa 8:18-21).

Sai toshe hanya. Goge manhaja ba ta yi aiki ba domin minti biyu ya isa a sake sauke ta, asusunka kuma yana nan yana jiranka. Romawa 13:14 ta ce kada a yi wa halin mutuntaka tanadi, kuma wannan ce ayar da Agustin ya karanta a birnin Milan a shekara ta 386 rayuwarsa ta juya. Tanadin naka abu huɗu ne, asusu, kuɗi a hannu, waya, da lokaci. Ka rubuta wa kowane kamfani ka nemi a rufe asusunka gaba ɗaya, matarka tana kallo. Katin banki da manhajar banki su koma hannunta na wata 6 aƙalla, masu ɗinki su riƙa tura kuɗi inda take ganin saƙon shigarsu, kai kuma ka riƙe na mota da abincin rana kawai. Ka koma ƙaramar waya mai madannai. In sana'a ta tilasta maka WhatsApp don karɓar samfurin ɗinki, a yi ta wayar matarka ko ta yaron shagonka. Gidan kallon ƙwallo ka bar shi wannan kakar wasa duka, ka fita daga zaurukan da ake raba hasashen wasanni. Kallon ƙwallo ba zunubi ba ne, amma a wurinka yanzu shi ne bakin rijiyar, kuma Yesu ya ce in hannunka na dama yana sa ka tuntuɓe ka rabu da shi (Matiyu 5:30). Abokinka kuma ka gaya masa sau ɗaya, ba da faɗa ba, cewa ka daina kuma kada ya ƙara turo maka wasa. In ya turo, ka toshe lambarsa.

Cirewa kaɗai ba ta isa ba, kai da kake tela ka fi ni sanin ba a tuɓe wa mutum tsohuwar riga a bar shi tsirara. Afisawa 4:22-24 ta ce a tuɓe tsohon hali, a sabunta tunani, a yafa sabon hali, aya ta 28 kuma kamar don kai aka rubuta ta: ɓarawo ya daina sata, ya yi aiki da hannunsa, har ya sami abin ba mabukaci. Ka duba inda aka kai maganar. Ba a tsaya ga dainawa ba sai da hannun da ke ɗauka ya koma hannun da ke bayarwa. Ka san lokutan da abin ke taso maka, Asabar da Lahadi da yamma, Talata da Laraba wajen ƙarfe 8 ko 9 na dare. Ka cika su tun kafin su zo. Asabar ka riƙe shago har magariba ko ka koya wa wani yaro yanka da awo. Daren Talata da Laraba su zama na nazarin Littafi da iyali, ko na zuwa wurin dattijon da zai riƙa bibiyarka. Ku sa rana ɗaya a mako da zai tambaye ka kai tsaye: ka sa kuɗi? ka duba sakamakon wasa? ka biya na wannan mako? ka ɗaga wa matarka murya? Ka ba shi izinin tambayar matarka ita ma.

Kowace safiya kafin ka buɗe shago ka ba Maganar Allah minti 15. Romawa sura 6 zuwa 8 aya 87 ce, in kana karanta 12 ko 13 a rana za ka gama a mako guda. Ka maimaita mako huɗu a jere, da murya, ka riƙa juya abin da ka karanta ya zama addu'a. Ka haddace 8:1, domin za ka bukace ta ranar da kunya ta ce maka ba ka da sauran wuri a gaban Allah. Ka sauya irin roƙon da kake yi. Maimakon "ka cire mini wannan har abada", ka ce "Ubangiji, yau Laraba, akwai wasa da dare, ka ba ni kamunkai na yau, ka ba ni ƙarfin kiran Baba in abin ya taso." Kamunkai yana cikin abu tara da Galatiyawa 5:22-23 ta kira albarkar Ruhu, tare da haƙuri da aminci da tawali'u, waɗanda gidanka ke ƙishinsu. Amfanin gona ne, yana bin damina, ba a jan kan gero don ya yi tsawo. Sha'awar za ta riƙa zuwa har bayan watanni, amma in ba a ciyar da ita ba takan hau ta sauka, tazarar da ke tsakanin zuwanta kuma tana ƙaruwa.

In ka faɗi, kuma yana iya faruwa, ka gaya wa matarka da dattijon kafin awa 24 ta cika, ku nemo ta inda kuɗin ko wayar suka shigo, ku toshe wurin. Abin da ya mai da 200 ta zama 120,000 shi ne shirun da ya biyo bayan faɗuwar farko. In kuma bayan wata biyu ko uku da duk waɗannan matakai abin ya ƙi sakinka, ko barci ya ƙaurace maka, ka nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa, kana iya fara tambaya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin cututtukan da ake yi wa magani, zuwa asibiti kuma ba rashin bangaskiya ba ne. In tunanin hallaka kanka ya taɓa zuwa maka, kamar yadda yakan zo wa waɗanda bashi da kunya suka matse, kada ka kwana da shi kai kaɗai, ka gaya wa wani a ranar.

Yau da dare ka rubuta takardar. Gobe ka zauna da uwar 'ya'yanka. Kafin Lahadi ka ƙwanƙwasa ƙofar Baba Fasto. In ka fito daga wurinsa ka sake rubuto mini yadda kuka yi, da abin da dattawa suka yanke, sai mu duba tsarin biyan tare. Ina yi maka addu'a, kai da iyalinka.